Ranar da Aka Tare Hanyar Tsafe

Mun bar tashar Gusau da hantsi, ina zaune a gaba kusa da Baba. Direban haya ne, tun kafin a haife ni yake bin hanyar nan. Ranar na biyo shi ne don in duba Inna, wadda ta koma Kucheri jinyar kakata.

Ba mu yi nisa ba muka ga motoci suna juyowa a guje, suna ba mu wuta. Wani mai tirela ya leƙo ya ce 'yan bindiga sun tare gaba. Baba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Wata mata a baya ta kama salati, jaririnta yana tsala kuka. Can nesa muka ji harbi. Na dubi hannun Baba a kan sitiyari, sai na ga yana rawa. Ban taɓa gani ba.

Na rage murya na ce, "Baba, ashe kai ma kana jin tsoro?"

"Kullum," ya ce, idonsa na kan titi.

"To mi ya hana ka aje tuƙin?"

Ya ce, "Ni ban sani ba ko ƙarfin hali ne, ko sabo ne. Innarku za ki tambaya. Ita ke raka ni bakin ƙofa duk safiya, ko fuska ba ta canzawa."

Sai bayan azahar motar sojoji ta wuce, direbobi suka bi ta a jere. Haka muka shiga Tsafe.

A Kucheri na iske Inna tana dama wa kaka kunu. Na faɗa mata abin da Baba ya ce. Ta aje ludayin.

"Haka ya ce miki? Ai na taɓa hana shi. Ya zauna gida, ya daina cin abinci, ya rame kamar mai jinya. Da kaina na miƙa mishi makullin motar. Tun daga nan, in ya fita sai in shige ɗaki in yi kukana, in wanke fuska kafin ku tashi."

Ta leƙa waje inda Baba ke alwala, ta ce da ni a hankali, "Kada ki faɗa mishi. Gobe ma zai koma."