Kowace Ta Shigo Ita Kaɗai

Ranar sha biyar ga Zulhajji, shekarar da muka cika goma sha ɗaya, Hassan ɗan tagwaina ya shigo lungunmu na unguwar Misfala a Makka a kan jan keke yana ta kaɗa ƙararrawa. Ina tsugune a bakin famfo ina kankare ƙanzon tukunya. Ban yi masa barka ba. Na ci gaba da kankare tukunyata, ƙyashi na cina.

Tare muka yi aikin hajjin nan a gidan abincin wani Alhaji da ke ciyar da alhazan Najeriya. Umma da sauran mata ke tuƙa tuwo tun asuba a ɗakin da ba taga, mu 'yan mata muna mulmulawa a leda har tafin hannu ya yi bororo. Maza kuwa faranti kawai suke ɗauka zuwa masauki, a cikin sanyin na'ura, alhazai na shi musu albarka suna cusa musu alheri a aljihu. Da aka zo sallama, aka ba kowane namiji ninkin na mace. Da nasa Hassan ya sayi keken. Nawa takalmin roba ya saya mini.

Keken nan ne ya tunzura Umma. Ta bi gida gida ta tara matan tukunya, suka yi shawarar zuwa wurin Alhaji gaba ɗaya, bakinsu ɗaya. Na bi su ina riƙe da gefen abayarta. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya ma sa aka kawo shayi. "Ahalan da iyayena," in ji shi, "amma ofishin ƙarami ne, kowace ta shigo ita kaɗai." Haka aka yi. Mace ta shiga da zafinta, ta fito da kwalbar turare tana kallon ƙasa. Da layi ya zo kan Umma ta ce, "Tare muka tuƙa, tare za mu shiga. In ba haka ba, halas, shi ke nan." Ta waiwaya, babu kowa a bayanta sai ni. Hajjin da ya biyo baya ba a kira ta ba.

Hassan ya sha ce mini, "Yalla Hussaina, hau in tura ki." Ban taɓa hawa ba. Sau biyu ma na sace masa iskar taya.

Jiya na ga 'yan majalisar wata ƙasa a waya, suna gardama ko a bar mata su haɗu su kai ƙara ɗaya kan a biya su daidai da maza. Matan na zaune reras a bayansu, kafaɗa da kafaɗa. Na yi zaton na girme wa ƙyashi, sai ga shi ya dawo mini kamar ranar keken. Umma ta rasu ba ta samu ko mace ɗaya da za ta shiga ƙofar nan tare da ita ba.