Kwalbar Gwaggo

A gidanmu na unguwar Maamobi ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wani ya zo da koko, wani da rubutu. Gwaggo kuwa, yayar babanmu da ta raine mu, da kwalba take zuwa, irin maganin ƙarin jini da ake talla a cikin trotro, motar haya. Kuma abin da babba ya kawo, a gabansa ake sha.

Ƙanwata ce kwance. Kumatunta sun yi tabo kamar ƙuna, gaɓoɓi na ciwo, gashi na zuba. Likita ta ce sunan ciwon lupus. Ta ce cikin abin da muke gada daga iyaye akwai ƙwayoyin halitta masu tayar da kumburi idan cuta ta shigo. Na ƙanwata ba sa jin "ya isa", har garkuwar jikinta ta koma cin jikin. Maganin asibiti kwantar da garkuwar yake yi. Ta ja kunnena: duk abin da ba ita ta rubuta ba, kada yarinyar ta sha, domin ciwon ya fara taɓa ƙoda.

Na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "Mutum ba lafiya, a ce a rage mashi ƙarfi? Wannan dokita ya yi makaranta kuwa?"

Wata Juma'a na dawo daga unguwar Circle na tarar ƙafafun ƙanwata sun kumbura, silifas ba ya shiga. Gwaggo na bakin katifa da cokali, yarinyar ta buɗe baki tana kallona. Ta fi ni sanin haɗarin, kunya ce ta ɗaure ta. Tsoro ya kama ni, ya rikiɗe ya zama fushi, ni da ma ba a san ni da haƙuri ba. Na fizge kwalbar, na fita tsakar gida, na juye ta a kwata a gaban 'yan haya.

Na tsaya jiran zagi. Gwaggo ta fito, ba ta ɗaga murya ba.

"Haka uwarmu ya kumbura," ta ce. "Fuska, ƙafa, duka. Muka zauna muna kallo, ba mu ba shi komai ba har ya tafi. Yanzu ma in zauna in kalla?"

Sai ranar na ji yadda kakarmu ta rasu. Na ce Gwaggo ta ɗauko mayafi mu tafi asibiti, ta maimaita wa likita wannan maganar. A cikin tasi ta ɗora ƙafafun yarinyar a cinyarta, tana danna su da yatsa, tana kallon ramin da ya ƙi cikowa.