Gwankin Iya Kulu da Gadun Gonata

A gidanmu na Jambutu, cikin Garwa, ba a hura wuta don jin ɗumi kawai. Gidan mahauta ne. Kullum bayan magariba za a kawo kawunan shanu da ƙafafu daga mayanka a jibge a tsakar gida, kuma babbake su aikin Iya Kulu ne, kakarmu ta wajen uba. Ita ke juya su a kan garwashi, mu kuma, ni da yayata Ladi da 'ya'yan baffanmu, muna kankare baƙin da guntayen wuƙaƙe. Ƙaurin gashi ya kama tufafinmu har a makaranta ba sai an tambaye mu daga wane gida muke ba.

Iya Kulu 'yar garin Tinyer ce, ubanta maharbi ne, aure ne ya gangaro da ita Garwa. Tun da na san ta a gajiye take. Tana zama a kujerarta 'yar tsugunno sai ta ce da Fillanci, "Mi somi," wato na gaji, sannan ta jawo kan sa na farko. Tatsuniya ma don kada mu gudu mu bar mata aiki take yi mana, ita da kanta ta faɗa. Ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi ke yi ba. Cewa take, "Ga wata nan tafe, tana jan ƙafa kamar ni." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso, mun share mata wuri."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta saurayi da gwanki. Wai wani saurayi ne ya so zama maharbi, ya je wurin maƙeri aka ƙera masa adaka, irin bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, harbi ɗaya ta yi shiru. Da maƙerin zai miƙa masa sai ya ce, "Magana ɗaya ce a cikinta. Kada ka sa ta faɗa sai kana jin numfashin abin da za ka harba." Saurayi ya ce ya ji.

Ran da ya fara shiga daji sai ya hango gwanki a tsallaken rafi, ƙaton gaske. Kafin ya matsa kusa sai ya shiga ruwa, ya ja ciki cikin ƙaya, shi kuwa sabon wando ne a jikinsa. Sai ya tsaya daga inda yake ya saki harbi. Ya sami gwankin a cinya. Dabba ta yi kuka ta faɗa kurmi, saurayi ya saɓa bindiga ya dawo gida. Aka tambaye shi, ya ce ai kuskure ya yi. Ya ci tuwonsa ya kwanta.

Da gari ya waye ya ɗaga asabari, sai ga gwanki tsaye a ƙofar ɗakinsa da ƙafa uku. Bai kai masa suka ba, kallonsa kawai yake. Ya tafi rijiya, gwanki na biye. Ya tafi kasuwa, yana biye. Ya je zance, 'yan mata suka kwashe da dariya, suka ce su ba sa hira da mai rakiya. A nan Iya Kulu takan ɗauki ƙafar saniya ta buga a gefen daro, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ta tsaya inda ta huɗu ya kamata ta sauka. Wannan shirun shi ke sa tsigar jikina tashi.

Saurayi ya bar garinsu ya zo Garwa, ya wuce Marwa, ya kai har Kuseri. Can ya shiga kwalekwale ya ce ai dai gurgu ba ya ninƙaya. Yana isa ɗaya gaɓar ya tarar da shi yana jira. Haka suka yi ta yawo har furfura ta cika kan mutumin. Wata rana ya zauna gindin tsamiya, ƙafafunsa sun ƙi, ya ce, "Don Allah me kake nema a wurina?"

Iya Kulu takan sassauta murya a nan, kamar ta wanda ya daɗe bai sha ruwa ba. "Ba ni da wurin zuwa. Garke ya ƙi ni, mutuwa kuma ta ce ba ta karɓar rabin aiki. Kai ka fara." Sai tsohon ya ɗura bindigarsa, ya matso har yana jin numfashin gwankin a fuskarsa, ya ƙarasa shi. Sannan ya kwanta a wurin ya yi barcin kwana uku. "Ƙurunƙus," in ji ta, "a kwashe kawunan nan kafin kare ya riga mu."

Ladi ta taɓa tambayarta, "Iya, tsakanin su biyun wa ya fi ban tausayi?" Ta ce, "Ke dai kankare kofaton nan, ɓingel am," wato 'yata. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne tatsuniyar malalata ce, domin duk ran da na bar ƙafa rabi da baƙi sai ta ɗaga ta ta ce, "Sale, wannan gobe za ta bi ka makaranta."

Na girma na gaji sana'ar gidanmu. Shekara talatin da shida ina fawa, kuma in akwai abin da nake tinƙaho da shi, biyu ne. Dabba ba ta taɓa wahala a hannuna ba: wuƙata a wase take, ba na bari ta gan ta, jan farko shi ne na ƙarshe. Fata kuma in na feɗe, ko hujin allura ba za ka samu ba, masu sayen fata har rububin tawa suke. Daga baya kafaɗa ta fara ciwo, ido ya fara hazo. Na bar wa 'ya'yana teburin, na koma wata 'yar gona da nake da ita a bakin kogin Binuwai, ina shuka gyaɗa da masara. Na ce a nan zan huta.

Gadu ya ce ban isa ba. Aladen dajin nan ya mai da gonata ɗakin cin abincinsa. In ya kwana a kunya goma, da safe sai ka rantse garma aka sa. Na rataya gwangwanaye, na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, ya zo ya tone har gindinsa. Damina biyu ina noma masa. A ta uku na haɗa dosiye, wato takardun neman izinin riƙe bindiga, na yi ta zirga-zirga har takardun izini suka fito, na nufi shagon da ake sayar da bindigogin farauta. Ina da shekara kusan sittin, ban taɓa riƙe bindiga ba.

Mai shagon wani matashi ne mutumin Kuseri, Abakar, Hausarsa gauraye da Larabci da Faransanci. Ya ce, "Baba, me za ka harba?" Na ce gadu. Ya sauko da wata mai faɗin baki ya buɗe ta daga tsakiya a gabana. "Wannan duz ce, kaliba sha biyu, faɗin bakinta ke nan. Harsashi ɗaya take ci, amma in ta yi magana, kalas, an gama. Sai dai fa sai ka matsa kusa, taku ashirin ko talatin. Kuma tana dukan kafaɗa, ba na ɓoye maka."

Na juya harsashin a hannuna, ya fi babban yatsana kauri. Na ce, "Wane irin rami yake yi?" Ya haɗa yatsunsa ya nuna mini. Sai na ji raina ya ɓaci, na ce a zuci, wannan ai ɓarnar fata ce. Idona ya kai kan wata siririya da ke rataye, ita ma mai harsashi ɗaya, da madubin hange a bayanta, abin da suke kira lunet. Na kara ido a ciki na saita ƙofa. Wallahi sai ga wani ɗan acaɓa a tsallaken titi, har zaren da ya warware a hularsa ina gani. Rabon da in ga duniya tangaran haka na manta. Na ji kamar in yi kuka.

Abakar ya ce, "Baba, wannan ƙarama ce, ashirin da biyu ake ce mata, ta zabi ce da zomo. Gadu fa bilinde ne, kamar motar sulke. In ba a bayan kunne ka same shi ba, wallahi mushkila." Na ce, "Yaro, ni za ka nuna wa inda ran dabba yake? Tun ba a haife ka ba nake yanka." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Se bon, shi ke nan, Baba. Kai ka sani." Ya naɗe mini ita.

Yanzu in na tuna har dariya nake wa kaina, dariyar da ba ta da daɗi. Ni da ko taɓa alade ba na yi, na tsaya ina tattalin fatarsa. Wa zan sayar wa? Hannu ne kawai ya saba, ya yi mini zaɓi ba tare da ya shawarci kaina ba.

A safiya ta uku da na yi kwanto bayan sallar asuba, ya fito can ƙarshen gonar. Da ido ban ga komai ba sai wani baƙin dunƙule. Na kara lunet, sai ga shi kamar in miƙa hannu in taɓa, har taɓon da ke hancinsa. Na manta idona ne ya je wurin, ni ina nan inda nake. Bakin bindigar na lilo da numfashina, na danna. Ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba a duk shekaruna na mayanka. Kafin in zare kwanson in sa wani harsashin ya shige ciyawa. Na je wurin na duba jinin, na ga yana haɗe da ɗanyen abincin da ke tumbinsa. A ciki na same shi.

Na koma gida. Mai ɗakina ta ce, "Malam, an dace?" Na ce kuskure na yi. Ta ajiye mini shayi da ƙosai, na kasa kai ko ɗaya baki. Babu gwankin da ya tsaya mini a ƙofa, ba a kuma buƙatarsa. Ni mahauci ne, na san kowane hanji da inda yake kwance, na san abin da ƙaramin huji ke yi a cikin dabba, na san ba ya kashewa yau, kuma ba lalle gobe ba. Yini guda ina lallashin kaina cewa alade ne, ɓarawon gyaɗata ne, gwiwoyina kuma ba za su iya fadama ba. Zuciyata ta ƙi saya.

Washegari na bi sawu. Jinin ya bushe, sai ɗigo nan, ɗigo can, a kan ganye. Na ratsa ciyawar da ta fi ni tsawo, na nutse cikin laka har gwiwa, na zauna hutawa ban san sau nawa ba. Sai bayan la'asar na same shi kwance a gindin wata gaɓa kusa da kududdufi, ƙudaje sun rufe cikinsa. Ya so ya tashi ya kasa. Na ɗaga bindiga, lunet ba ta nuna mini komai ba sai dishi-dishi, ashe ba ta ganin abin da ke kusa. Ban kuma yarda in sake yi masa rabin aiki ba. Na ajiye ta. Na zaro wuƙata daga ƙugu, wadda na san daga ranar ba za ta sake taɓa naman da Musulmi zai ci ba. Na zagaya ta bayansa, na danne kansa da gwiwa. Bisimilla ta fita daga bakina da kanta. Jan farko shi ne na ƙarshe.

Iya Kulu ta daɗe a ƙasa, ba zan iya komawa in ce mata na gane ba. Da muna yara mun zaci ragwanci take yi wa faɗa. Yanzu ina ganin nisa take tsoro, irin nisan da ke ba mutum damar cutar da wani rai ya juya ya tafi cin tuwo. Duk shekarun da na yi ina ɗaukar kaina mai tausayin dabba, ashe kusancin ne ke riƙe da ni, domin wanda hannunsa ke kan wuyan sa ba shi da inda zai gudu. Ran farko da aka ba ni nisa, na yi abin da kowa ke yi.

Na daɗe zaune kusa da gadun nan a ranar. Na kore masa ƙudaje da hulata, ko da yake ba ya ji. Sannan na ce masa, "Ka yi haƙuri." Shanun da na yanka ba su ƙirguwa, amma ban taɓa bai wa ko ɗaya haƙuri ba, domin ban taɓa yi musu abin da zai sa in bayar ba.