Zaren da na sauya ma Sale Masinja

Da safen nan ina karin kumallo waya ta shigo: Sale Masinja ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu kokon na nan a kofi.

Sale ɗan kawuna ne, taubashina. Ya girme ni da shekaru, amma ban taɓa raga mashi ba. Na ɓoye mashi hula, na sace mashi iskar keke, na taɓa sa mashi kwaɗo a aljihu.

Zamanin En'e shi ne masinjan ofis a Dutsin-Ma. Mu mutanen ƙauye sai mu wuni gindin itacen bedi ba mu san ƙofar da za mu shiga ba. Sale ne zai fito ya tsuguna: "Baba, me ya kawo ku?" Ya kama hannun mutum har gaban teburin da ya dace, ya tsaya sai an dangwala yatsa. Ko goro ba ya karɓa.

Shi ma bai yi boko ba, allo muka yi. Da zare yake gane takardu: ɗaurin jan zare na Katsina ne, ya miƙa ma direban mota, na baƙin zare na Kurfi ne, ya kai a keke.

Wata damina kututturen dawa ya soki Innata a gona a Karofi, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Sale ya kai mu ɗakin shan magani, ya sa aka rubuta takardar neman motar asibiti daga Katsina.

Washegari ya jingine jakarshi ya shiga alwala. Ni na ɗauka tamu ta tafi tun jiya. Na kwance ɗaurin nan biyu na sauya zaren, ina dariya ni kaɗai.

Takardar Inna na ciki.

Sai a Kurfi malamin can ya ce mashi ba tasu ba ce. Bai juyo ba. Ya miƙe Katsina a keke, cikin ruwa da taɓo. Mota ta zo bayan kwana biyu. Inna ta rayu, amma ƙafar ba ta dawo gida ba.

A ofis aka tsare shi da tambaya, ya ce shi ya rikita. Aka dakatar da shi wata guda. Ni kuwa na yi shiru, na tsufa da shiruna.

Da Ƙaramar Sallar da ta wuce na same shi a zaure, ido ya tafi. Ya ji muryata ya ce, "Bawana ya zo? Ku ɓoye mani hulata."

Na ce, "Yaya Sale, akwai maganar da na zo da ita. Zaren nan..."

Ya yi dariya har da tari. "Kai Audu! Tun a Kurfi na sani. Ƙullin ɗaurin akuya ka yi. Ni ban taɓa ƙulla takarda haka ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Gwaggo ta rasa ƙafa. In sa ta rasa ɗa kuma? Wa zai riƙa ɗebo mata ruwa?"

Na sunkuyar da kai. Ya lalubo kaina ya shafa, ni da furfurata.

Inna ta koma ga Allah tana cewa Sale yaron kirki ne, sai dai garaje. Yau ina so duk mai karantawa ya sani: Sale bai taɓa rikita takardar kowa ba. Ni ne.

Ya Allah, yadda ya riƙa kama hannun bayinKa yana kai su ƙofar da ta dace, Ka kama nashi Ka kai shi ta Aljanna. Ka jiƙan Inna, Ka yafe mani.

Don Allah ku sa shi a addu'a. Ni ma kada ku manta da ni.