Zaman Makoki a Hawa na Huɗu

A ginin da nake zaune a unguwar Al Muraqqabat, a nan ƙasar Larabawa, idan ƙofar lif ta buɗe kuma akwai 'yan Filifin a tsaye, abin da za ka fara ji shi ne, "Baba?" Ba uban kowa suke kira ba. Tambaya suke ko ƙasa za a yi, don a harshensu sauka ke nan. Matar da ke share ofishinmu na kago, wato aika kaya, a Al Sabkha, 'yar Habasha, Balaraben da ta taɓa yi wa aikin gida take ce wa baba. Shi kuma Balarabe ɗan cikinsa mai shekara uku yake kira baba, abin da har yau ban gane kansa ba. Wata 'yar Rasha da ke aika kaya ta hannunmu ta ce a wajensu tsohuwa ce baba. Ni dai na mai da abin nishaɗi, ina tara su kamar yadda muka tara marafan kwalba muna yara, duk Juma'a in kira tsohona a Kano in zazzage masa.

"To ni dai a bar ni inda ka san ni," in ji shi. "Kada ka je can su mai da ni tsohuwa."

Ranar wata Talata yayana ya kira ni ina cikin ɗaure kwalaye. Baba ya cika bayan asuba, ana shirin kai shi kafin azahar. Fasfo ɗina yana wurin sabunta biza, kuma ko da yana aljihuna babu jirgin da zai kai ni kafin a rufe shi. Na nemi hutun kwana uku aka ba ni. A hanyar komawa ɗaki wata yarinya 'yar Filifin ta tare ƙofar lif da hannu ta yi min tambayar nan tasu. Na girgiza kai, na kasa duban fuskarta.

Abin da na sani game da mutuwa ɗaya ne: a shimfiɗa tabarma a zauna, mutane su zo. Haka na yi. Na sayo dabino da katan ɗin ruwa, na ture akwatina ƙarƙashin gado, na shimfiɗa tabarmar roba a ɗan filin da ke tsakanin gadajenmu, na sa farar riga da hula na zauna. Na bar ƙofa a buɗe.

Mu huɗu ne a ɗakin, da ni da wani ɗan Nefal mai gadi da 'yan Filifin biyu masu aiki a otal. Mutanen kirki ne, ba a taɓa jin kaina da su ba. Da suka ji abin da ya faru, babbansu ya dafa kafaɗata ya ce, "Sorry, brother." Daga nan suka haɗa baki a kan a ƙyale ni in huta. Su shigo da sanɗa, su ɗauki tawul, su fita, su ja min ƙofar da na buɗe. In tashi in sake buɗewa. Har abincinsu suka koma ci a kicin don kada ƙarar cokali ta dame ni. Wallahi na ji haushinsu, kuma na san ban da gaskiya.

Laifin nawa ne ma. Hausawa sun cika Al Sabkha, amma ban faɗa wa kowa ba. A unguwarmu mai makoki ba ya yawon gayyata, kafin a gama wankan gawa labari ya kai kasuwa. Na zauna ina jira labarin ya je da kansa, na manta a nan babu wanda ya san gidanmu balle ya san tsohon da ke cikinsa. Yayana yana turo min hotuna, ƙofar gida ta cika maƙil har an tare layi da benci. Ni kuwa kwana uku ina jin takun mutane a baranda, kowanne ya wuce. Dabino ko ɗaya ba a taɓa ba. Kaɗaicin ya fi min rashin ganin gawar ciwo, domin gani nake muddin ba a zo an yi min gaisuwa ba, ni kaɗai ne cikin 'ya'yansa ban yi masa makoki ba.

Rana ta huɗu na naɗe tabarma na koma aiki. A bakin tashar bas na haɗu da wani dattijo ɗan Maraɗi mai tura kaya a baro, wanda iyakacinmu da shi sannu sannu. Ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, kwana biyu. Lahiya dai?"

Na ce, "Mahaifina ne ya rasu."

Ya jingine baron da kwalayen mutane a kai, ya cire takalmansa, ya tsuguna a kan kwalta cikin ranar nan, ya jawo hannuna har na tsuguna ni ma. Masu wucewa suna ratsa mu. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, a natse, ya shafa. Sannan ya dube ni ya ce, "Ya haƙuri?"

Amsar kalma biyu ce, tun ina yaro nake jin manya suna ba da ita a zaure, kuma kwana uku na yi ina riƙe da ita. Na buɗe baki ta ƙi fita. Ya ce, "Yi a hankali, ba sauri nike ba," ya gyara zama a ƙasa yana jira.