Karan Sigarin Da Na Miƙa Wa Ƙanina

Edita, ina yi muku sallama da ku da masu karatu. Ku yi haƙuri ba zan faɗi sunana ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A shekarun da zan ba da labarinsu ni ɗan kasuwa ne a kasuwar albasa ta Kwadaso da ke Kumasi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, na ɗan haura hamsin. Kakanmu daga Nijar ya gangaro da fatauci, amma a Zangon Kumasi aka haifi babanmu, a nan aka haife mu. Mu biyu ne maza wurin mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma: ni da ƙanina da na girma da shekara shida. Gida ɗaya muke zaune, rumfa ɗaya muke kasuwa. Ni na koya masa ciniki, ni na nuna masa yadda ake gane buhun da ya fara ruɓa tun ba a kwance shi ba, kuma ni na koya masa shan sigari yana saurayi, wata rana da muka wuni muna jiran motar kaya. Daga nan muka shafe shekaru fiye da ashirin kwalinmu ɗaya, ashanarmu ɗaya.

Wata shekara sai ya fara kukan ƙirji. In ya taimaka an ɗaga buhu, ko ya ɗan yi sauri don ya tarar da trotro, wato motar haya, a tashar Sofoline, sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa dutse. Matarsa ta matsa masa har ya je asibiti. Likita ya gaya masa jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun fara cunkushewa, ya rubuta masa magani, ya ce maganin ba zai yi masa wani amfani ba muddin yana shan sigari. Da ya dawo rumfa ya ciro kwalin daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ce in riƙe, shi ya gama. Na yi dariya na ce ba zai kai Juma'a ba. Ya kai Juma'a. Ya kai azumi, ya wuce salla, har ya cika shekara uku bai taɓa ba.

Ya kamata in yi murna, amma abin da na ji daban ne, kuma ban san sunansa ba sai daga baya. Jikinsa ya murmure, leɓensa ya washe, kullum bayan asuba ya taka da ƙafa har unguwar Dichemso ya dawo. A masallaci ana nuna shi ana cewa ga wanda Allah ya taimaka. Mma, wadda ta daɗe tana fama da tari, ta koma kiransa ya zauna a bakin gadonta su yi ta hira, ni kuwa da na shiga gaishe ta sai ta ce in tsaya daga ƙofa, warin da ke jikina yana tayar mata da tarin. Matata ma ba ta bar ni ba. Duk sanda na kunna sai ta ce ba ga ƙaninka ba, shi ba mutum ba ne? A rumfa in na zuƙa sai ya tashi ya koma can gefe. Bai taɓa yi mini wa'azi ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nasa ya fi komai ƙona mini rai. Yaron da na goya, na koya wa komai, shi ne yau ya zama abin kwatance a kaina.

Abin ya kai maƙura ranar sunan jikana na fari. Babbar 'yata ce ta haihu. Na shiga ɗakin da farin cikina na miƙa hannu, sai ta ɗan janye jaririn, ta ce cikin ladabi in yi haƙuri in fara wanke hannu in sauya riga, a asibiti an gargaɗe ta game da hayaƙi. Ina tsaye ban gama jin maganar ba ƙanina ya shigo, ta miƙa masa yaron nan take. Ya rungume shi yana yi masa addu'a, mata suna amin. Na fita na je bayan gida na kunna sigari. Ranar ban ci abincin sunan ba. Gaskiya 'yata ta faɗa, amma ni ba ita na riƙe a zuciya ba, shi na riƙe.

Bayan wata biyar ciwon Mma ya tsananta. A kwanakinta na ƙarshe sunansa take kira, kuma hannunsa ne a cikin nata lokacin da ta cika, ni ina daga bakin ƙofa inda na saba tsayawa. Ranar sadakar uku, da la'asar, bayan mutane sun ragu, na zagaya bayan gida sai na tarar da shi zaune a kan wani bulo shi kaɗai. Idanunsa sun yi ja. Ya ce kwana uku ke nan bai runtsa ba, ƙirjinsa kamar zai fashe don baƙin ciki. Na zauna kusa da shi na kunna nawa. Na ga yadda idonsa ya bi hayaƙin. Na san abin da likita ya gaya masa, na san shekara uku ya yi yana yaƙi. Duk da haka na zaro kara ɗaya na miƙa masa.

"Ɗaya dai," na ce. "Zai kwantar maka da hankali."

Ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce, "Yaya, ka san fa an hana ni." Ban janye hannun ba. Ya karɓa, ni na ƙyasta masa ashana.

Na sha gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi haka. Ƙarya ne. Lokacin da ya zuƙa ya lumshe ido, wani sanyi na ji a raina, irin na wanda aka mayar wa da abin da aka ƙwace masa. Na ce a zuciyata ashe dai ba mala'ika ba ne.

Ɗaya ya zama biyu, kafin wata ya ƙare ya koma kamar da, sai dai yanzu a ɓoye. Bayan tarin buhuna muke laɓewa mu sha, sannan ya tauna goro ko citta, ya goga albasa a hannu don kada matarsa ta ji. A gida har yanzu ana yabonsa, ni kuwa ina jin ana yabon ina murmushi, don ni kaɗai na san gaskiya. Ya daina fita tafiyar safe. Ranar komawarsa asibiti ta zo ya ƙi zuwa, ya ce yana kunyar likitan ya tambaye shi. Da maganinsa ya ƙare bai je ya karɓo wani ba. Duk ina gani. Sau biyu na gan shi ya dafe ƙirji ya jingina da buhu, da na tambaya ya ce gajiya ce, na karɓi amsar saboda ita nake son ji.

Wata takwas bayan rasuwar Mma, da hantsi, ana sauke kaya yana tsaye yana nuna wa masu dako inda za su jera, sai na ga ya durƙusa. Kafin in iso gumi ya jiƙa masa riga, fuskarsa ta yi fari fat, yana riƙe da hannunsa na hagu. Muka sa shi a tasi. Cunkoson Sofoline ya riƙe mu, kansa a cinyata, ina ta kiran sunansa ina roƙon direba ya bi ta ko'ina. Allah ya sa muka isa da sauran numfashi. Likitoci suka ce bugun zuciya ne, sun ceto ransa, amma wani ɓangare na zuciyar ya lalace ba zai dawo ba.

Kwana na huɗu, ina zaune a gefen gadonsa, matarsa ta shigo da kwalin sigari da ta samu a aljihun rigar da ya faɗi da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi tun yaushe, kuma wa ya mayar da shi. Na sunkuyar da kai ina jiran ya nuna ni. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce shi ya je ya saya da ƙafarsa, babu ruwan kowa, har ya ƙara da cewa yayansa ya sha yi masa faɗa bai ji ba. Ta juyo ta yi mini godiya. Edita, ko a wannan lokacin, a ƙarƙashin kunyar da ta rufe ni, sai da na ji wani guntun haushi cewa ko a kwance ya fi ni.

Yau shekara biyu ke nan. Ƙanina yana raye, amma ba ya iya zuwa kasuwa. Daga ɗaki zuwa masallacin unguwa sai ya huta sau biyu, ƙafafunsa suna kumbura, a zaune yake salla. Matarsa da ba ta taɓa tallan komai ba yanzu waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a bakin titi. 'Yarsu da ke karatun aikin jinya ta dakatar ta dawo gida tana kula da shi. Ina yin abin da zan iya daga rumfa, amma ba abin da ke mayar musu da mutumin da suke da shi. Na kai wata shida ina ɗauke da maganar kafin na samu matarsa a tsakar gida na gaya mata komai, tun daga bulon nan na bayan gida. Ta saurara har na gama tana tsince shinkafa. Ta ce ta ji, Allah yana gani. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba. Shi kuwa da na nemi gafararsa cewa ya yi shi ma da hankalinsa ya karɓa, in daina wahalar da kaina, abu ɗaya yake roƙona: kada iyalina su ga abin da nasa suka gani.

Wannan roƙon ne ya raba ni da sigari. Bai zo da sauƙi ba. Na yi makonni ina masifa da kowa, na koma sau biyu, sai a na uku na tsaya. Da na je aka auna ni aka samu ina da hawan jini da ban san da shi ba, yanzu ina kan magani.

Abin da na koya shi ne, mai shan sigari yana ganin jikinsa kaɗai yake ci, alhali ranar da zuciya ta gaza gidan ne gaba ɗaya ke kwanciya tare da shi. Na kuma koyi cewa hassada ba sai ga baƙo ba, tana iya zama tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya, ta zo da fuskar tausayi har mai ita ya kasa gane ta. Duk mai sha, ya nemi taimako ya bari tun yana tafiya da ƙafarsa, kuma in ƙirji ya fara yi masa nauyi kada kunya ta hana shi ganin likita. Wanda kuma ɗan'uwansa ko abokinsa ya bari, in ba zai iya binsa ba, to ya rufa masa asiri ya sha nasa nesa da shi. In ka ji zuciyarka tana ƙuna don ana yabon wanda ya tsira, ka tsaya ka binciki kanka kafin hannunka ya kai aljihu. Ni ban tsaya ba, kuma kullum da safe ina jin numfashin ƙanina ta bangon da ya raba ɗakunanmu.