Azuzuwan da Malam Lawali Ya Shuka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Malam Lawali, kuma a cikin shekarun nan bakwai ban ga wanda ya kama ƙafata wajen iya magana ba, tun daga Talatar Mafara har Maradun, a biyo ta Bakura a dawo. Ba yabon kai ba ne. Ni na taɓa shiga rabon faɗa tsakanin direbobi biyu a tasha, kafin in rufe baki sun fara shawarar haɗa 'ya'yansu aure. Ni na yi wa jaki nasiha a hanyar Dosara har ya sunkuyar da kai ya ba ni hanya. Ba banza ake ce mani Garba Rediyo ba. Mutum ɗaya ne duk duniya bai taɓa sayen wannan hajar tawa ba, shi ne wanda na zauna yau in tuna.

Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara kowa ke cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Ya girme ni, amma wasan taubashi bai san girma ba. Ina ce masa Alli, saboda duk rigar da ya saka sai ka ga farin alli a aljihunta. Shi kuwa ba ya ramawa da yawa. Sai in yi ta zuba kamar ruwan Agusta, in na gaji ya dube ni ya ce, to batir ya ƙare? Mutum ne siriri, marar hayaniya, hedimastan firamaren garinmu. Sunan garin kuwa ku yafe mani shi, domin har yanzu ina so in riƙa shan shayi a can ba tare da an juya mani baya ba.

Bayan makarantar akwai wani fili mai faɗi. Wani dattijo manomi ne ya ba da shi tun kafin a kawo Lawali, ya ce ya bar wa yaran gari saboda Allah. An yi abin a gaban mai gari, aka shafa fatiha, aka raba goro, kowa ya watse. A wurinmu wannan ya isa. Abin da aka shafa wa fatiha ba a sake komawa kansa. Lawali ya tarar da makaranta mai ɗakuna kaɗan da yara kamar fara, ya kai buƙatar ƙarin azuzuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ce an karɓa, za a duba. Shekara ta zagayo ana dubawa.

Da ya ga duban ba ya ƙarewa, sai ya yi abin da ɗan manomi ya sani. Manomi in yana son a san gonarsa, ba ya kafa allo, shuka yake yi a kan iyaka. Wata damina Lawali ya samo dashen dogon yaro, ya ɗauki igiya ya auna filin nan, ya fitar da inda kowane aji zai zauna in Allah ya kawo ginin. A kowace kusurwar aji ya dasa itace ɗaya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Itace huɗu, aji ɗaya. Na je na same shi tsugune yana tona rami da hannu, na ce masa Alli, mutane na gina makaranta da bulo, kai kana shuka taka, wace shekara za mu yi girbi? Ya ce in na zo taimako ne ga tulu can.

Itatuwan suka kama, domin dogon yaro ba ya jin fari. Kafin wasu 'yan shekaru inuwarsu ta haɗe a sama ta zama rufi. Ya fitar da yaran da ɗaki ya kasa ɗauka ya zaunar da su a ciki, aka jingina allo a jikin itace. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne dokar da ya kafa. Tsakanin itace da itace bango ne, ko da ido ba ya ganinsa. Ya ajiye duwatsu biyu ya ce nan ce ƙofa. Yaron da ya ratso ta bango sai ya koma ya shigo ta ƙofa da sallama. Ni kaina ya taɓa mayar da ni, a gaban yara, da girmana da gemuna. Ya ce yana so su saba, don ranar da ginin gaske ya zo kada ya zama baƙo a wurinsu.

Sai zamani ya juya. Ba sai na faɗa wa mutumin Zamfara abin da ya faru da ƙauyukanmu a hannun 'yan bindiga ba. Mutane suka riƙa shigowa gari daga wajen Faru da Janbako da ƙauyukan da ban ma taɓa jin sunansu ba, wasu a kan babur, wasu a ƙasa, da tabarmi da tukunya da abin da ya rage na awaki. Kowane zaure ya cika. Zauren Lawali kansa iyali guda ya ɗauka, shi ya koma karɓar baƙi a ƙofar gida. Gari na buƙatar gidaje, wannan gaskiya ce da ba mai musunta. A nan ne aka kai wa ƙaramar hukuma shawarar a yanka sababbin fegi, wato filayen gina gidaje. Masu awo suka zaga gari, suka zo bayan makaranta, suka tsaya. Ga fili shimfiɗe a tsakiyar gari, ga shi an riga an raba shi murabba'i murabba'i, kowane da inuwarsa a kusurwa huɗu. Abin da Lawali ya shuka don ya tsare filin, shi ya jawo masa ido.

Aka sa ranar da kwamitin filaye zai zauna kan buƙatun biyu, ta makaranta da ta gidaje. Na tarar da Lawali ya yi zugum a ƙofar gida, matarsa Hajiya Kulu ta aiko masa da fura ko taɓawa bai yi ba. Na bugi ƙirji yadda har na cikin gida za su ji, na ce ya bar ni da su. Na ce shugaban ƙaramar hukumar nan tare muka yi kiwo, kansilolin nan kuwa ba wanda ban yi wa sanƙira a bikinsa ba, in na buɗe baki sai sun ƙara masa da filin ƙwallo.

Ya ce, "Garba, wanga ba wurin wasa ba na."

Na ce ai da wasa ake faɗa wa sarki gaskiya.

Ranar zaman, da hantsi, ɗakin taro ya cika. Lawali ya miƙe ya yi magana gajera kamar yadda ya saba. Ya ce filin sadaka ne, an shafa masa fatiha, kuma yaran da ake nema wa iyayensu gidaje su ne gobe za su nemi wurin zama a aji. Jami'in tsara gari ya ce ba ya musun fatiha, amma a taswirar da ke hannunsa wurin fili ne kawai, ba a taɓa shigar da shi cikin harabar makaranta ba. Sai na karɓa. Na ce ranka ya daɗe, aji ɗaya na makarantar nan in yaro ya yi atishawa a tsakiya, na bakin taga ne ke faɗowa waje. Na ce akwai yaron da ya shekara yana zuwa bai taɓa ganin fuskar malaminsa ba, muryarsa kawai ya sani, ranar da suka haɗu a kasuwa sai da aka gabatar da su. Shugaba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Wani kansila ya ce don Allah in maimaita ta atishawar. Na maimaita, na ƙara mata gishiri. Na fito ina taku ɗaiɗai, na ce wa Lawali ya je ya sayi fenti.

Shi ya lura da abin da ni ban lura da shi ba, cewa duk dariyar nan ba wanda ya tambaye shi ko yara nawa ne.

Hukunci ya fito, kuma a fuska ba wanda aka hana. An amince da gidaje a filin bayan makaranta. An amince da ƙarin azuzuwa, amma a wani sabon wuri can bayan gari, ƙetaren rafi, inda aka ce akwai sarari. Har ginin aka yi, ɗakuna biyu masu rufin kwano. Sai dai a wannan zamani wace uwa ce za ta tura ɗanta ƙetaren rafi, bakin daji, da sassafe? Ginin na nan har yau. Jemagu sun gama firamare a ciki, ina jin sun shiga sakandare. Ashe tusa ba ta hura wuta, ko da ta Garba Rediyo ce.

Ranar da aka zo kafa turakun fegin ina wurin. Lawali na koyar da 'yan aji huɗu a ƙarƙashin itatuwansu, masu awo suka ja igiyarsu ta tsakiyar yara. Na zaci zai yi faɗa, na ma fara naɗe hannun riga. Sai ya dakata da rubutu ya ce wa yaran, "Ku ɗaga ƙafafunku su wuce, baƙi na." Igiya ta wuce, ya ci gaba da darasi. Da aka tashi ya tsaya ya tabbatar kowane yaro ya fita ta tsakanin duwatsun nan biyu. Ban taɓa ganin abin da ya kashe mani baki kamar wannan ba.

Bai ga an gama gidajen ba. Da rani ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce filin ne ya kashe shi ba, ajali ba ya neman dalili. Amma na san tun daga ranar igiyar nan bai ƙara tambayata ko batir ya ƙare ba, ni kuwa na yi ta zuba da gangan ko zai tambaya.

Yau in ka je wurin ba za ka gane shi ba. Gidaje ne a jere, mafi yawan itatuwan an sare, wasu sun faɗa cikin tsakar gidajen mutane ana ɗaure masu igiyar shanya. Waɗanda suka samu fegin ba duka ne masu gudun hijira ba, wannan kowa ya sani, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Amma in zan yi adalci, da yawa daga masu kwana a ɗakunan nan su ne mutanen ƙauyen, haya suke yi. Na ga wata tsohuwa daga wajen Janbako tana tsinkar zogale a inuwar itacen da yake kusurwar aji biyar. Na tsaya ina tunanin me Lawali zai ce. Mutumin da ya ba da zaurensa ba zai ce a tashe ta ba. Ina jin gaishe ta zai yi, ya tambaye ta jikokinta nawa, kuma suna zuwa makaranta? Ita kuwa za ta ce ba wuri. Domin yaran sun ninka, makarantar kuwa tana nan yadda ya bar ta, sai dai yanzu wasu su zo da safe wasu da rana, kamar masu jiran layin niƙa.

Aji ɗaya ne ya tsira daga cikin azuzuwansa, na kusa da bangon makaranta. Ba wanda ya so fegin saboda yana jikin bayan gidan yara, wari ya yi abin da bakina ya kasa. Itatuwan huɗu na nan sun yi kauri, duwatsun ƙofa ma na nan. A bana ƙaramar hukuma ta amince a gina aji na bulo a daidai wurin. Na ji daɗi har na yi rawa a tasha. Sai magini ya ce saiwar dogon yaro tana fasa tushen gini, dole a sare duka huɗun kafin a haƙa.

Tun da na ji haka barci ke yi mani gardama. Lawali bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Abin da ya rage nasa da ido ke gani shi ne itatuwan nan huɗu. Sauran yana jikin mutane. Akwai magidanta a garin nan da in sun zo wucewa ta wurin, da babur ko a ƙasa, sai ka ga sun karkata sun bi ta tsakanin duwatsun, ba su ma san sun yi ba. Alheri danƙo ne. Amma ni mutum ne mai rauni, ina son abin da zan dafa da hannu in ce taubashina ne ya dasa.

Ranar da ya cika shekara bakwai na je gidansa, muka yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa ya sa makarantar nan ta zame masa haske a kabari. Bayan mutane sun ragu na zauna daga bakin ƙofa muka gaisa da Hajiya Kulu, tana daga ciki tana tankaɗe. Na kawo maganar itatuwan. Ta ce ta ji, kuma a sare, ai shi ba don inuwa ya shuka su ba, wuri suke riƙe wa gini, ga ginin ya zo. Raina bai so ba. Na ce ba za a yi haka ina da rai ba. Na ce gobe zan shiga sakatariya in sa a gyara zanen, a gina ajin a bar itatuwan, in ta kama in ɗaure kaina a jikin ɗaya in ga mai gatarin da zai matso. Na ce ta bar ni da su.

Ta ajiye rariyar.

Ta ce, "Malam Garba, hakanan kac ce mashi wancan karon."